Ruwan da Na Sha a Zauren Surukina

Shekarar da aka sallame mu daga aiki, ina ɗakin shan magani na wani ƙauye a ƙasar Makarfi, ina wanke gyambo ina ɗaure bandeji. Ban yi karatun likita ba, ko ƙofar makarantar ban taɓa gani ba, amma da yake farar riga ce a jikina kowa Likita yake ce mini, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Sojoji suka karɓi mulki, suka ce a tsuke bakin aljihu. Magani ne ya fara ɓacewa daga kanta, har ta kai mutum zai zo da zazzaɓi mu rubuta masa sunan ƙwaya a takarda mu ce ya je ya nema. Daga baya tamu takardar ta iso. An rage ma'aikata, sunana yana ciki. Na naɗe farar rigata na koma gida, ga matata da ƙaramin ciki, ga sabulu da sukari sai an bi layi soja na tsaye da bulala.

Wadda ta tsamo ni daga zaman banza ita ce Sista. Ungozoma ce da muka yi aiki tare, Kirista daga kudancin Kaduna, ta daɗe a ƙasarmu har ta fi ni iya zagi da Hausa. Takarda ɗaya ce ta kore mu. Wata rana da hantsi ta tsaya ƙofar gidanmu da tsohon babur ɗinta, ko kashe shi ba ta yi ba, don in ya mutu sai an tura.

"Malam, zama za ka yi har soja ya tuna da kai?"

"To me zan yi, Sista?"

"Kana da hannu, ina da keken ɗinki. Ɗauko kekenka ka biyo ni."

Haka na yi ta bin ta shekara da shekaru, tana gaba a babur ina baya a keke, kullum in iso ina haki ta ce na makara.

Abin da ta shirya a kan kurkunu ne. Wanda bai taɓa gani ba ya gode wa Allah. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, a ruwan kududdufi ake shan ƙwanta. Sai ta yi shekara cur a jikin mutum ba ya jin komai, sannan da faɗuwar damina, daidai lokacin da manomi ya fi bukatar ƙafarsa, ta taso da bororo mai zafin wuta a idon sawu ko a ƙwauri. Ba a jan ta da ƙarfi, in ta tsinke a ciki an shiga uku. Kullum ɗan kaɗan ake naɗewa a tsinke, wani sai ya yi wata biyu a kwance, ciyawa ta cinye gona. Mutanenmu a lokacin cewa suke jijiya ce take fita, wasu su ce gado ne.

Sista ta samo farin yadi mai matsattsiyar saƙa na tace ruwan sha. Tana yanka shi daidai bakin randa, ta sa masa zariya, ta kalmashe gefen sama da jan zare don kada a juya shi a mayar da dattin cikin ruwa. Muka kama rumfa a kasuwannin Makarfi da Hunkuyi da Ikara, kowace ranar da take ci. Sayarwa muke yi. Sista ta ce abin kyauta ƙasan adaka yake tafiya, ko a yi wa jariri hula da shi. Amma mun sa shi yadda kowa zai iya, wanda ba shi da kuɗi ya kawo dawa ko mazarƙwaila. Abin da aka samu a sayo wani yadin da auduga da aidin, ɗan abin da ya rage mu kai gida. Duk mai kurkunun da aka kawo ni nake wanke masa in naɗe, ba ma karɓar komai. Mu ba gwamnati ba, mu ba 'yan kasuwa sosai ba, mutane suka rasa sunan da za su ba mu, sai suka ce rumfar masu ƙyalle.

Tallarmu iri biyu ce. Sista takan ɗaga kwalbar ruwan kududdufi a rana, ta nuna wasu 'yan mitsi-mitsin fararen ƙwari suna tsalle a ciki, ta ce su ne masu ɗauke da ƙwan. Wasu su gani, wasu su ƙanƙance ido su ce su dai ruwa suka gani. Daga nan sai in miƙe in naɗe wandona har gwiwa.

"Jama'a, ku dubi ƙafar nan! Babu ƙauyen da ban sha ruwansa ba, daga nan har Kudan. Amma ban taɓa kai ruwa bakina ba sai ya bi ta wannan ƙyalle. Akwai wanda ya ga tabo?"

Ƙafafuna sirara ne, ba tun yau ba. Kasuwa ta ɗauki dariya, wani ya ce ƙafar Likita sai ka ce ta zalɓe, amma ana dariyar ana saye. Sista da kanta takan ce kwalbarta ba ta taɓa sayar da ƙyalle ko ɗaya ba, ƙafar zalɓe ce jarinmu. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. Kullum akwai ƙyalle ɗaya a aljihun gaban rigata, na bar jan bakinsa a waje yadda akawu yake barin alƙalami.

Da cikin matata ya tsufa, aka zo aka tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta, wani ɗan ƙauye gaba da Paki, tunda haihuwar fari ce. Ta sauka lafiya a farkon damina, aka sami mace. Ranar suna abokaina ne suka tsaya mini, ni ɓoyewa na yi kamar yadda aka saba. Sai bayan kwana goma sha na shirya na tafi gaida surukai.

Ƙauyen nan ba su san kurkunu ba. Famfon tuƙa-tuƙa gare su, shekaru suna shan ruwansa. A wannan ranin ya lalace, aka rasa ƙarfen gyara, aka rasa mai zuwa dubawa, ga shi duk ƙasar kowa ta kansa yake yi. Na sami labari tun a gida. Da na kusa shiga gari sai na gani da idona: mata da tuluna a bakin kududdufin bayan gari, a gefe guda kuma wani baƙo mai tallar tabarmi ya kwance tsumman ƙafarsa ya tsoma ta cikin ruwan yana sanyaya ta. Na san irin wannan tsumma, na san abin da yake zuba a ruwan. Na sauka daga keke na balbale shi da faɗa, har matan suka tsaya kallo. Ya fitar da ƙafarsa yana ba ni haƙuri. Na hau keke ina jin ni wani ne, ina maimaita abin da zan faɗa in na isa: Baba, ga wani ɗan abu na wajen aikinmu. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Surukina dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya faɗin sunanta, ba ya faɗin nawa. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Na jingine keke daga nesa, na cire takalmi, na durƙusa a bakin zaure.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Yaya mutanen gida? Yaya damina?"

"Alhamdu lillahi."

"Yaya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Madalla. Masu jego suna nan lafiya. A shigo daga ciki, rana ta yi."

Na matsa na zauna a gefen tabarma. Ranar shuka ce, duk mazan gidan suna gona, zauren daga ni sai shi. Ina tattara maganata a baki ke nan sai na ga ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya nufi randar da ke kusurwa, ya ɗauko sabuwar ƙwarya, ya ɗauraye, ya cika ta, ya kawo da hannu biyu ya ajiye gabana. Mutumin da ni ya kamata in riƙe wa buta.

"A sha ruwa," ya ce, ya koma mazauninsa.

Hasken ƙofar zaure ya faɗa cikin ƙwaryar. Wata da watanni ina riƙe wa Sista kwalba, idona ya riga ya koyi abin da yake nema. Suna nan, suna tsalle abinsu. Ƙyalle kuwa yana ƙirjina, ina jin sa kamar an ɗora mini garwashi. In na zaro shi na tace, na ce wa surukina ruwan da ya ɗebo mini da hannunsa ƙazanta ne. In na ƙi sha, wannan ya fi muni. Na yi tunanin in ce ina azumi, sai na tuna jan goro yana bakina tun daga Ikara. Na ɗauki ƙwaryar na juya gefe, shi ma ya kau da kai ya kalli bango. Da na taɓa leɓe kawai na ajiye, wataƙila da ba wanda ya sani. Amma ƙwarya za ta koma a cike, zai gani. Kuma in faɗi gaskiya, na yi tafiya mai nisa a rana. Na yi bisimilla na sha kurɓi uku, ruwa mai sanyi mai ƙamshin ƙasa.

"Alhamdu lillahi," na ce.

"Madalla," ya ce, bayan ɗan jim.

Maganar da na yi ta maimaitawa a hanya ta maƙale. Bayan na sha, da wane baki zan ce ruwan yana da laifi? Aka yi mini iso cikin gida. Ɗakin jego cike da tsofaffin mata da hayaƙi, na hango matata ta sunkuyar da kai, aka miƙo mini jaririya na karɓa na mayar kamar ba tawa ba. Na yi sallama na fito, na hau keke da ƙyallena a aljihu yadda na zo da shi.

Ranar kasuwar Ikara da ta biyo baya na naɗe wando kamar kullum. Da na zo kan "ban taɓa ba" sai muryata ta sarƙe, na yi tari na wuce. Ba wanda ya lura sai Sista. Ta bari har muka fara ɗaure kaya.

"Malam, me ka haɗiye?"

Na gaya mata duka. Ta ajiye igiyar da ke hannunta.

"Ka sha?"

"Na sha."

"Da ƙyallen a aljihunka?"

"Sista, surukina ne."

"Kurkunu ya san suruki ne? To ka sha naka, su fa? Ka ba su?"

Na girgiza kai.

"Kai dai an yi asarar farar riga. Mu ma muna da surukai, Malam. Nawa har ya rasu ruwan da na tace yake sha, yana zagina yana sha. Gobe ka koma ka kai."

Na ce to. Ta kuma ce in zan nuna ƙafa in nuna, amma kada ta sake jin "ban taɓa ba" a bakina, rumfarta ba ta ƙarya ba ce. Nan ma na ce to. In tana kusa sai in tsallake wurin, in ta juya tana duba mai ciki sai in faɗa da sauri.

Babu ƙwayar da ake sha ta kashe kurkunu a ciki. Wannan na sani sarai, ni nake gaya wa mutane. Jira kawai ake yi, shekara guda. In ya fito mini, ba ciwon nake tsoro ba kamar ranar da za a ce mai ƙyalle yana kwance da kurkunu. Wa zai tsaya ya ji bayanin ƙwarya da suruki? Cewa za a yi ƙyallen banza ne, rumfa ta mutu, keken Sista ya tsaya, ni kuma in koma zaman ƙofar gida ana nuna ni da baki.

Alwala ta zame mini aikin bincike. Sau biyar a rana in na zo wankin ƙafa sai in tsaya ina latsa idon sawu, ina bin ƙwauri da yatsa, ina leƙa tsakanin 'yan yatsu, masu jiran buta suna gyaran murya a bayana. Na san ba yanzu zai fito ba, da sauran watanni, amma hannuna ba ya jin wannan karatun. Sauro ya cije ni in yini ina kallon wurin. Zama ya gagare ni, in ba ranar kasuwa ba sai in hau keke in yi ta zaga gonakin rake ba inda za ni. Na yi fushi da baƙon nan mai tabarmi, na yi fushi da famfo, na yi fushi da sojoji, har da wanda ya fafe ƙwaryar. Na tsara yadda zan gudu Zariya wajen kawuna in ya fito, in dawo in ce ƙusa na taka.

Matata ta dawo bayan arba'in, ta yi fari ta yi ƙiba. Ko ƙullin kayanta ba a kwance ba na tare ta.

"Wane ruwa kika riƙa sha?"

"Sannu da zuwa ke nan?"

"Ki gaya mini."

"Ruwan zafi mana. Inna ba ta bar ni na ɗanɗana mai sanyi ba ko sau ɗaya, daga tukunyar wanka ake ɗebo mini yana tafasa. Har na tsani ganin tururi."

Na zauna daɓas. Wannan wankan jego da ruwan zafi da kunun kanwa, ni da Sista mun sha yi wa tsofaffi faɗa a kansa, muna cewa yana kumbura mata. Ga shi shi ne ya tsare mini mata. Na yi hamdala, na yi dariya, na ɗauki jaririya na ɗaga sama tun da ba kowa. Kuma a nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da shan ruwan: da na ji tawa ta tsira, sai sauran mutanen gidan suka fita daga raina.

Ita ce ma ta ce in ba ta ƙyalle ta aika wa Inna da masu zuwa kasuwa. Na ce a'a, aike ba girmamawa ba ne, da kaina zan kai. Gaskiyar kuwa ita ce ƙwaryar nan nake tsoro, kada in je a sake ajiye mini ita. Wannan mako in ce ruwan sama ya ɓata hanya, na gaba in ce tayar keke, na gaba kasuwar Hunkuyi. Sista ta tambaye ni sau biyu, na ce ana kan hanya, ta harare ni ta ƙyale. Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai da matata za ta je gida gaisuwar salla na cusa mata guda uku a kaya. Ta dawo ta ce an gode, amma kududdufin ya ƙafe tuni, yanzu rijiyar maƙwabtan ƙauye ake zuwa da jakai.

Rani ya yi tsawo a shekarar. Na rame, mutane suka ce tsadar rayuwa ce, na bar su a haka. Da bazara ta kama, kowa yana kallon gabas yana roƙon hadari, ni kaɗai ne gabana yake faɗuwa in na ga gajimare. Mako guda bayan ruwan farko wani abu ya taso mini a idon sawun dama, ja, yana zugi. Na ɗingisa har gidan Sista ban ko karya ba. Ta sa tabarau, ta latsa, ta matse, na yi ƙara.

"Ƙurji ne. Je ka yi wanka da sabulu, in ka samu."

Na fito ina jin kamar in rungume babur ɗinta.

Bayan nan da kamar mako uku muna rumfa a Ikara, aka sauke wani mutum daga jaki. Na tambayi garinsu, ya faɗi sunan ƙauyen su matata. Kafin azahar an kawo biyu a amalanke, duka daga can. Wanda ya turo su maƙwabcin surukina ne, ya gaishe ni yana kallon ƙasa.

"Likita, ashe ba a aiko maka ba? Ai surukinka yana kwance, an fi kwana ashirin. Uku suka fito masa, ɗaya a gwiwa. Wanzami ya yi masa sakiya, ta gwiwar ta tsinke."

"Me ya sa ba a aiko ba?"

"Ya hana. Ya ce ba a tayar da suruki a kan ƙafa."

Ban tuna yadda na ɗaure akwatin magani a keke ba. Sista ta rufe rumfa ta kwashi duk ƙyallen da ya rage, ta wuce ni a hanya ba ta ko dube ni ba. Gonar surukina tana bakin hanya. Ta maƙwabta an yi noman farko, tasa ciyawa ta rufe dawar da aka shuka. Kusan kowane gida a ƙauyen akwai na kwance.

Na same shi a zauren nan, a kan tabarmar nan, ƙafar hagu ta kumbura tun daga cinya, gwiwar tana ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba komai, har yana tambayar mutanen gida. Sista ta fito daga cikin gida ta ce Inna ma tana da ɗaya a dunduniya, ita za ta ji da mata.

"Kai kuma ka san aikinka," ta ce, ta ajiye mini tasa da auduga ta shige.

Na wanke gyambon mutanen da ban san iyakarsu ba, amma ban taɓa zaton zan ɗora ƙafar wannan mutumin a cinyata ba. Na ce, "Baba, a yi haƙuri." Ya juya fuska bango, ya miƙo ƙafar.

Na tare a ƙauyen. Da safe in fara da shi, in bi gida-gida, da yamma in shiga gonarsa da fartanya in yi abin da hannun mai bandeji zai iya. Sista tana zuwa duk bayan kwana biyu, ta ɗaura ƙyalle a bakin kowace randa da hannunta, wanda ya juya jan bakin ƙasa ya sha zagi. Ta sa aka kafa wa kududdufi doka, mai ciwo ba ya taka ruwa, a ɗebo masa a zuba masa can nesa. Ni da surukina kuwa muka koma yadda muke, gaisuwa da shiru. Biyu na ƙwauri suna fita a hankali. Kullum in jiƙa, in ja kaɗan, in naɗe a tsinke, in na ji ta yi tauri in tsaya.

Wata safiya ina cikin naɗewa, yana kallon bango kamar kullum, sai ya yi magana.

"An ce a kasuwar Ikara ake sayar da ƙyallen nan."

"Haka ne, Baba."

"Na je bara, da famfo ya mutu. Sau biyu. Na tsaya wajen masu rake, na hango ana nuna ƙafa ana bayani. Na ji bayanin. To, ba a ciniki da suruki a tsakiyar kasuwa. Na dawo."

Ban ɗago ba.

"Ranar da aka zo gaisuwa na ga jan bakinsa a aljihu. Na ce to, an kawo mana. Na jira ba a fito da shi ba. Roƙo kuma bai kamace ni ba. Shi ne na tashi na ɗebo ruwan da kaina, na ce in aka ga ruwan a ido za a zaro a tace, sai in tambaya mene ne wannan, maganar ta zo da sauƙi."

Na saki tsinken a kan auduga don kada in tsinke ta.

"Da na ga an sha, sai hankalina ya kwanta. Na ce ashe namu ruwan ba irin wancan ba ne. Na gaya wa mutane a masallaci, na ce kowa ya sha abinsa, Likita ma ya sha."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. Yana ba ni labari ne kawai, yadda zai ce bara an yi ruwa da wuri. Hawayena suna ɗiga a kan ƙwaurinsa, ina gogewa da auduga kamar wankin ciwo nake yi.

"A ci gaba," ya ce. "Kada ta koma."

Na ɗauki tsinken na ci gaba.

Da kaka mutanen ƙauyen suka haɗa hatsi, rumfarmu ta ƙara abin da take da shi, Sista ta ɗauko wani bakanike daga Zariya a bayan babur ya ƙera wa famfon ƙarfen da ya karye. Rumfa ba ta mutu ba, ta ma ƙara ciniki, don duk ƙasar Paki an ji abin da ya faru. Ban sake naɗe wando a kasuwa ba. In aka ce, "Likita, yau ba ƙafar zalɓe?" sai in ce a dubi kwalbar Sista.

Ni bai fito mini ba. Na jira wannan damina, na jira ta gaba, ko ƙaiƙayi. Ƙafafuna suna nan har yau sumul, babu tabo ko ɗaya.

Na ƙwaurin surukina sun warke. Gwiwar ce ta ƙage, ba ta sake lanƙwasuwa ba har ya bar duniya. Ya daina noma, salla kuma a zaune yake yi, ƙafar hagu a miƙe gabansa, sai an bar masa wuri a ƙarshen sahu. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Amma duk lokacin da na je ƙauyen, in aka tayar da salla a gefensa na hagu nake tsayawa. In na yi sujada, ƙafar tana nan miƙe dab da fuskata har in ɗago.